"Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari": wa ke ɓera, wa ke daddawa a zancen tallafin korona?

Malamin Hausa, Gidan Igwai

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ga wadda na kawo yau: "Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari." A nan Sakkwato wasu kan ce kusu maimakon ɓera, ma'ana dai ɗaya ce.

Tun watan Oktoba na 2020 ake yawan jefa ta, lokacin da jama'a suka fasa rumbunan kayan tallafin korona a Legas, Jos, Kaduna, Ilori, Kalaba da Yola, suka tarar da shinkafa da taliya da sukari jibge, alhali an sha kulle da yunwa tun ƙarshen Maris. Abin mamaki, kowane ɓangare da ita yake kare kansa. Talaka ya ce wanda ya sungumi buhu shi ne ɓera, amma gwamnatin da ta ƙunshe abincin ita ce daddawa. Mai kare gwamnati kuma ya juya ta, ya ce to mun ji jami'i ne ɓera, sai dai talakan da ke sayar da ƙuri'arsa kan sabulu da atamfa shi ne mai warin. Tambayata: raba laifi take yi, ko wanke mai laifi? Kuma ta dace a faɗe ta kan dukiyar jama'a?

Hajiya Mai Daddawa

Wa'alaikumus salam Malam. Kafin a shiga siyasa a tsaya kan daddawar tukuna, don masu faɗin maganar da yawa ba su san yadda ake yin ta ba.

Kalwa ake dafawa kusan wuni guda har ɓawon ya yi laushi, a surfa a turmi, a wanke a tsince, a sake dafawa da 'yar kanwa. Sai a tsane ta, a juye a kwando da ɗuminta, a lulluɓe da ganye da buhu, a bar ta kwana biyu zuwa uku. A kwanakin nan take ruɓa ta yi yauƙi, warin ya tashi. Idan sanyi ya shige ta, kamar a hunturu in an yi sakacin rufi, ba za ta yi ba, za ta fito da tauri babu ƙamshi, miya ba ta son ta. Ta batso da ake yi da 'ya'yan yakuwa ta ma fi kai wari nesa.

To Malam, daddawar da ba ta wari ai ta lalace. Wari ba laifinta ba ne, shi ne amfaninta. Shi ya sa ba a barin ta a faifai a buɗe: tukunya ake sa ta, a kife murfi a ɗora dutse, ko a rataye a ragaya. Ranar da ɓera ya ci, uwar gida ba daddawa take tuhuma ba, wadda ta bar murfin a buɗe take nema. Akwai mutum na uku da karin maganar ba ta ambata ba, shi ne mai ajiya.

Baba Akawu

Hajiya, Allah ya ba ki lada, kin taɓo wurin. A aikin gwamnati wannan murfin takarda ne.

Duk kayan da suka shiga sito suna tafe da takardar direba mai nuna adadi da ranar lodi. Mai sito ya ƙirga, ya rubuta takardar karɓa, ya buɗe wa kowane kaya kati: buhu nawa ya shiga, nawa ya fita, saura nawa. Ba a fitar da ko katan ɗaya sai da takardar fitarwa mai sa hannun wanda ya ba da izini da wanda ya karɓa. Ƙa'ida kuma abin da ya fara shiga shi ke fara fita, in ba haka ba taliyar ƙasa ta wuce wa'adi, ƙwari su shiga hatsi, sukari ya sha raɓa ya dunƙule idan ba a ɗora shi kan katako ba.

Gwamnoni ta bakin ƙungiyarsu sun ce ba ɓoyewa aka yi ba, ajiya ce don zagaye na biyu na cutar, wasu jihohi kuma suka ce kayan ba su gama isowa ba. Wannan magana ce da kati ɗaya zai raba gardamarta. A nuna ranar shiga, a nuna jadawalin rabo. Jiha kamar tamu mai ƙananan hukumomi 23 da mazaɓu 244, ba wani abu mai wuya ba ne a liƙa a sakatariya cewa mazaɓa kaza buhu kaza, ga sunayen gidaje. Inda ba a liƙa ba, kowa sai ya yi nasa lissafin, kuma lissafin mai jin yunwa ba ya yi wa hukuma sauƙi.

Wata ɓaraka kuma, yawancin kayan da aka fasa na CACOVID ne, gamayyar 'yan kasuwa da bankuna, ba daga kasafin kuɗi suka fito ba. Kyauta ce aka miƙa wa jihohi. Irin wannan idan ba a shigar da ita littafin sito ba, mai binciken kuɗi ba shi da abin da zai bi.

Ɗan Illela

Baba Akawu, Allah shi ƙara girma. Amma ni wagga magana ta ɓera ba ta gamshe ni ba, don tana sa talaka da mai mulki cikin ma'auni guda. Wadda ta dace ita ce "kura da shan bugu, gardi da amsar kuɗɗi."

Ku duba mi ya faru. Iyakar Illela da Ƙwanni tana rufe tun Agustan 2019, ba a buɗe ta ba sai Disamban 2020. Kan hakanga korona ta zo, aka hana zirga-zirga tsakanin jihohi, aka sa dokar hana fita daga ƙarfe 8 na dare zuwa 6 na safe. An ce motar abinci ta wuce, amma kowane shinge sai an tsaya, kuma albasa ba ta jiran shinge: in ta kwana biyu cikin buhu cikin zafi sai ta fara zufa ta ruɓe daga tsakiya. Almajirai aka riƙa lodawa cikin motoci daga wagga jiha zuwa waccan, wasunsu kuma da aka gwada bayan sun isa aka same su da cutar. Hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa da kanta ta ce cikin makonni biyu na farkon kulle jami'an tsaro sun kashe mutum 18, lokacin cutar ba ta kashe adadin haka ba. Wanga shi ne bugun.

Kuɗɗin fa? Asusun IMF ya ba Najeriya bashin dala biliyan 3.4 a Afrilun 2020. Aka zo da shirin farfaɗo da tattalin arziki na naira tiriliyan 2.3. Talaka naira 20,000 aka ce za a ba shi, kuɗin wata huɗu, shi ma sai wanda sunansa ke cikin rajista.

Malamin Hausa, Gidan Igwai

Ɗan Illela, ka kawo mai kyau, amma a lura da ita. Gardi shi ne mai wasa da kura, ya sa mata takunkumi da sarƙa, ya zaga kasuwa da ita, 'yan kallo su yi ta liƙi. Karin maganar kan rabon wahala da riba take, ba kan sata ba. Gardi bai saci komai ba, a bainar jama'a ya karɓa. Don haka ta fi dacewa da alawus na kwamitoci da kwangilar sayen kaya, inda komai yana da takarda amma wanda ya sha wuyar ba shi ya amfana ba. Wasu kan ce "gardi da kwasar kuɗi", duk ana faɗa.

Alhaji Na Tsohuwar Kasuwa

Ku yi mini haƙuri, zan ɗan saɓa. Hajiya ta wanke daddawa, to ɓeran fa? Wanda ya ɗauki katan ɗin taliya ya kai wa iyalinsa, babu mai ganin baƙinsa. Amma a wasu garuruwa an ga masu cire ƙofa da taga da kwanon rufi, an fasa shagunan mutanen da ba ruwansu da tallafi, wasu suka mutu a turmutsutsu. Wannan ba yunwa ba ce. Idan muka ce laifin mai ajiya ne kaɗai, gobe duk wanda ya ga sito ya samu hujja.

Kuma mu faɗi gaskiya, mu nawa ne muka yarda akwai cutar? Ana cewa ciwon masu hawa jirgi ne, har sai da ta ɗauki Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar shugaban ƙasa na lokacin, a Afrilun 2020, Kano kuma aka shiga binne dattawa ba ƙaƙƙautawa. Daga baya ministan lafiya ya ce cikin mutum 979 da suka rasu a Kano a lokacin, kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na iya zama korona ce sanadi. "In kunne ya ji, jiki ya tsira", mu kunnen ne bai ji ba.

Ma'aikaciyar Lafiya, Mabera

Alhaji, gaskiya ne, sai dai kunne ma yana da dalilinsa. Mutanen Arewa ba su manta da gwajin maganin Pfizer kan yara masu sanƙarau a Kano a 1996 ba, shi ya taimaka wajen ƙin allurar shan inna a 2003. A 2017 da sanƙarau ya yi ɓarna a Zamfara da Sakkwato, gwamnan Zamfara na lokacin cewa ya yi azabar Allah ce saboda zina. Wanda aka saba gaya masa irin haka, ranar da aka zo masa da gaskiya sai ya ɗauka wata dabarar cin kuɗi ce.

Ni wadda na ga ta fi kama hukuma ita ce "ba a fafe gora ranar tafiya." Lokacin da aka samu mutum na farko a Legas, 27 ga Fabrairu 2020, ɗakunan gwajin da ke iya gano cutar ba su wuce biyar ba a ƙasar, babu ko ɗaya a Arewa maso Yamma. Samfurin da aka ɗauka a hanci sai an sa shi cikin kwalba mai ruwan adanawa, a naɗe shi rufi uku, a riƙe shi a sanyin digiri 2 zuwa 8 har ya isa. Daga nan zuwa Abuja tafiyar wuni ce. Ƙanƙara ta narke a hanya, sakamako ya fito babu cuta ga mai cuta. Kafin amsa ta dawo kuma mutum ya gama cuɗanya da gidansa da masallacinsu.

Amma ba duk asara ce sata ba, a nan nake rabuwa da Ɗan Illela. Alluran rigakafin korona sama da miliyan ɗaya da aka lalata a Abuja a Disamban 2021, yawancinsu kyauta ce da ta iso saura makonni kaɗan wa'adinta ya cika. Ita allurar kamfanin AstraZeneca kwalba ɗaya ta mutum goma ce, in an buɗe dole a ƙarar cikin awa shida. Idan mutum uku suka zo asibitin ƙauye, ko a buɗe bakwai su tafi a banza, ko a ce su dawo gobe, su kuma ba za su dawo ba. Wannan laifin tsari ne da rashin wayar da kai, ba na aljihu ba.

Ɗan Illela

Yaya, na karɓa. Amma yanzu duk wagga magana ba ihu bayan hari ba ce? Shekaru sun wuce, waɗanda suka yi mulkin wasu sun koma majalisar dattawa.

Lauya, Runjin Sambo

A'a, ihu bayan hari ana faɗin ta ne inda maharan suka tafi ba su bar sawu ba. Kuɗin gwamnati yana barin sawu.

Sashe na 125 na kundin tsarin mulki ya ɗora wa babban mai binciken kuɗi na jiha ya miƙa rahotonsa ga majalisar dokoki cikin kwana 90 da karɓar bayanan babban akanta, majalisa kuma ta tura wa kwamitin asusun jama'a. Sashe na 128 da 129 sun ba majalisar jiha ikon bincike da kiran kowane jami'i ya zo da takardu. Inda abin ke lalacewa shi ne rahoto ya makara shekara biyu ko uku, kwamitin kuma bai zauna a kai ba, don 'yan majalisar da gwamna jam'iyyarsu ɗaya.

Ɗan ƙasa ma yana da tasa hanyar. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana 7 ta amsa buƙata a rubuce, in ta ƙi, kana da kwana 30 ka je kotu. An daɗe ana gardama ko ta hau kan jihohi, Kotun Ƙoli ta ce ta hau a 2025. Kuskuren masu rubutawa shi ne tambaya mai faɗi, irin "ina kuɗin korona?" Wannan amsar layi biyu za a ba ka. Ka nemi takarda takamaimai: kwafin katin sito na wata kaza, sunan kamfanin da aka ba kwangilar gadaje da farashin kowane gado, jerin gidajen da suka karɓa a mazaɓa kaza. Ka yi kwafi biyu, a buga maka hatimin karɓa da kwanan wata a kan naka, don daga ranar ake fara ƙirga bakwai ɗin.

Kiranye kuwa, wato masu zaɓe su sauke ɗan majalisarsu kafin wa'adinsa ya cika, kada a sa rai da shi sosai. Sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓar sun sa hannu, hukumar zaɓe INEC ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. Na sanatan Kogi ta Yamma a 2018 a wurin tantance sa hannu ya mutu. Gwamna ma ba a yi masa kiranye, sai tsigewa ta majalisa.

Hajiya Mai Daddawa

Lauya, wannan takarda dole da Turanci za a rubuta ta, ko Hausa ma ta yi? Kuma mutum ɗaya zai iya, ko sai ƙungiya?

Lauya, Runjin Sambo

Mutum ɗaya ya isa, Hajiya, kuma doka ba ta ce sai kin faɗi dalilinki na nema ba. Wanda bai iya rubutu ba yana iya sa wani ya rubuta masa. Amma a yi ta da Turanci ya fi, don kada akawun da ke karɓa ya samu abin fakewa ya jefa ta ƙasan tire.