Ruwan Burtsatse ko Kulant? Gardama a Zauren Direbobin Katsina

Alhaji Mai Shanu: Salamu alaikum jama'a. Na kai Hilux ɗina mai gas gareji wajen Ƙofar Ƙaura, yaron ya ce sai an juye ruwan lagireto, a wanke, a zuba kulant, wato ruwan nan mai launi na sanyaya injin. Na ce masa kulant na ƙasashen ƙanƙara ne. Mu da rana ke gasawa, me zai daskare? Ruwan burtsatse ya ishe ni.

Baba Direba: Gaskiyarka Alhaji. Gemuna ya yi fari a hanyar Jibiya, da ruwan rijiya a jarka. Kuma ruwa zalla ya fi jan ruwan nan kwasar zafi.

Oga Bakanike: Baba, wannan kam ba musu, ya fi shi. Amma ka leƙa gindin butar shayinka. Farin dutsen da ya kama ta, shi ke kama cikin lagireto. Makon jiya na kwance wata a-kori-kura mai zuwa Mai'adua, ruwan ya fito ja kamar na kududdufi, fukafukan wata-famfo tsatsa ta cinye su sun zama kamar reza.

Alhaji Mai Shanu: Kai dai ciniki kake nema.

Oga Bakanike: Ranka ya daɗe, da ciniki nake nema ai shiru zan yi. Gasket ɗaya in ya ƙone ya fi kawo mini kuɗi.

Malamin Kimiyya: Ruwa yana tafasa a digiri 100. Kulant da aka haɗa da ruwa rabi da rabi yana kai wajen 107. Murfin lagireto mai kyau shi ke ƙara matsi, har ruwa zalla ma ya kai wajen 120. Ke nan wajen tafasa ratar ba ta taka kara ta karya ba. Maganin tsatsar da ke ciki shi ne abin saye, kuma ƙarfinsa yana ƙarewa, shi ya sa ake canzawa. Na Toyota mai ruwan hoda, canjin farko a kilomita 160,000, daga nan duk 80,000.

Baba Direba: Malam, lissafi daban, hanya daban. Mu tamostat muke cirewa, abin nan da ke tare ruwa sai injin ya yi zafi, allurar zafi ba ta ƙara tashi.

Oga Bakanike: Ba ta tashi don injin bai kai zafinsa ba. Tamostat na buɗewa ne wajen digiri 82. Cire shi, ka tayar da motar da asubar hunturu, ka ga hayaƙi da shan gas.

Alhaji Mai Shanu: To wankin ya ake yi? Wani ya ce omo ake sawa.

Oga Bakanike: A'a! Kumfar ba ta fita duka. A bar injin ya huce tukun, na ga wanda murfi ya feshe da tafasasshen ruwa har fatar hannunsa ta saɓule. A kwance mazurarin ƙasan lagireto, a juye. A cika da tataccen ruwa irin na batir, wanda ba asid, a tayar ya yi zafi, ya huce, a sake juyewa har ya fito garau. Sannan kulant, kada a gauraya ja da kore. A kunna hita a bar shi yana aiki har iska ta gama fita, washegari a ƙara in ya sauka.

Malamin Kimiyya: Tsohon kulant kuma a tare shi a roba a rufe. Zaƙi gare shi, kuma guba ne, yana lalata ƙodar dabba da yaro.

Alhaji Mai Shanu: Subhanallahi! Ni da awaki ke kwana ƙarƙashin motar. Oga, gobe bayan Azahar kana nan? Amma mu yi ciniki tukun.

Baba Direba: Allah ya ba da sa'a Alhaji. Ni dai jarkata na nan bayan kujera.