Neman Shawara: Tambayoyin Ma'anar Kalmomi a Jarrabawar JAMB Suna Ba Ni Wuya

Mai neman shawara:
Assalamu alaikum, malamaina da yayyena. A bara na zauna jarrabawar JAMB, amma makina bai kai abin da ake nema a kwas ɗin da na zaɓa ba, kuma na tabbata Turanci ne ya ja ni baya, musamman inda ake ware kalma a ce a zaɓi wadda ta fi kusa da ita a ma'ana, ko kuma kishiyarta. Wata uku ke nan kullum bayan sallar asuba ina haddace kalmomi ashirin daga ƙamus, amma da na ɗauki tsofaffin tambayoyi sai in tarar kalmar da na haddace ta zo da wata ma'ana dabam. Don Allah ku nuna mini hanya.

Malamin Turanci a sakandare:
Wa alaikumus salam, ɗana. Ƙoƙarinka ya isa, hanyar ce ke buƙatar gyara. Cikin tambayoyi 60 na Turanci, 5 ne kawai na makusanciyar ma'ana, 5 na kishiya, sannan akwai 10 na cike gurbi a cikin nassi, kuma duk cikinsu kalmar tana zuwa ne a cikin jimla, ba ita kaɗai ba. Ka ɗauki "novel": ka haddace ta a matsayin littafin labari, alhali a "a novel idea" ma'anarta sabuwar dabara ce. Abin da nake sa ɗalibaina su yi shi ne su rufe zaɓuɓɓukan nan huɗu da tafin hannu, su karanta jimlar har ƙarshe, su faɗi a ransu da Hausa abin da kalmar ke nufi a wurin, sannan su buɗe. Wadda ka zaɓa kuwa, ka mayar da ita gurbin ta farko ka sake karantawa. Idan jimlar ta yi tuntuɓe, ba ita ba ce.

Ɗaliba a jami'a:
Ƙanena, in ka yi Islamiyya, ka san yadda kitabi da katibi da maktaba suka fito daga tushe ɗaya. Turanci ma yana da irin wannan daga Latin da Girkanci. "Bene" alheri ne, "mal" sharri ne, don haka ko ba ka taɓa ganin "benevolent" da "malevolent" ba, za ka gane kishiyoyin juna ne. Sai dai ka yi hattara, domin ba kowace "in" ta farkon kalma ce ke kore ma'ana ba: "invaluable" abu ne mai daraja ƙwarai, "inflammable" kuma abu ne mai saurin kama wuta. Ta farkon ta taɓa kayar da ni a gwajin makaranta.

Wanda ya zauna jarrabawar sau biyu:
Ni abin da ya cuce ni a karon farko gaggawa ce. An nemi kishiya, na ga makusanciyar ma'ana a jere, hannuna ya riga hankalina danna ta, kuma da gangan ake ajiye ta a wurin. Tambayoyi 180 ne cikin awa 2, wato daƙiƙa 40 kowace, saboda haka kalmar da ta gagare ka, ka cire biyun da ba su dace ba, ka zaɓi ɗaya, ka danna N, wato maɓallin zuwa tambaya ta gaba a kwamfuta, ka wuce. Ba a rage maki don kuskure, kada ka bar gurbi fanko.

Mai neman shawara:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Malam, to in ajiye ƙamus ɗin ke nan?

Malamin Turanci a sakandare:
A'a, ɗana, ka sauya masa aiki ne. Ka riƙa karanta ra'ayin edita na jaridar Turanci da littafin da JAMB ta wajabta, duk kalmar da ta tsayar da kai ka kwafe jimlarta gaba ɗaya a littafin rubutu, ka rubuta hasashenka a gefe, sannan ka buɗe ƙamus ka duba ko ka dace. Biyar a rana sun wadatar.