Henchard: ƙaddara ce ko halinsa?

Ummu Sadik: Jama'a, na sake karanta littafin The Mayor of Casterbridge, wanda Thomas Hardy ya fitar a 1886. Henchard, jarumin littafin, ya sayar da matarsa cikin maye, ya rantse ya bar giya shekara 21, ya zama magajin gari, ƙarshe ya mutu a bukka. Ƙaddara ce ko hali?

Baban Hafsat: Hali ne, Hajiya. Kishin Farfrae, abokin hamayyarsa a cinikin hatsi, ya sa ya kwashi hatsi bisa maganar mai duban yanayi cewa ruwa zai lalata girbi, rana ta fito, farashi ya karye.

Malam Ɗanjuma: Sawun Oedipus da Sarki Lear, wasannin kwaikwayo kan sarakunan da suka faɗi ƙasa, Hardy ya bi. Ki duba ranar da tsohuwa mai kunun alkama ta tona asirin Henchard na sayar da matarsa a kotu, alhali shi ne alƙalin.

Ummu Sadik: Malam, ni wasiyyarsa ce ke sa ni kuka, wai kada a gaya wa Elizabeth-Jane, 'yar matarsa, ya mutu.