Robar jikin kwamfutata ta tsage, shin garanti zai ɗauki nauyin gyaran?

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum. Wata bakwai ke nan da na sayi sabuwar kwamfutar tafi-da-gidanka a wani shago a nan Maraɗi, da garantin shekara guda, sai ga shi robar ta tsage a kusurwar hagu, inda murfin yake haɗe da gangar jiki, alhali ba ta taɓa faɗuwa ba. Mai shagon ya ce laifina ne. Ina neman shawararku.

Mai gyara, Sabon Gari:
Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Garantin kamfani yana biyan lahanin ƙira ne kawai, ba ya biyan ɓarnar faɗuwa ko zubar ruwa, domin wannan tana da tata inshorar da ake saye daban. Sai dai tsagewa a wannan wurin sau da yawa daga maƙalar murfin take: idan ta yi tauri, musamman bayan ƙurar hunturu ta shige ta, sai ta riƙa fizgar ƙusoshin da aka dasa cikin robar har ta fashe daga ciki. Ka ɗauki hoton wurin don a ga babu alamar bugu, kuma kada ka sa mata gam tukuna, don za a ce an taɓa ta.

Wata malama:
Malam, ka shigar da lambar da ke ƙasan na'urar a shafin kamfanin, domin kayan da ake shigowa da su ta Kano wani lokaci garantinsu ya fara tafiya tun kafin su iso kasuwa. Ka tafi da rasit ɗinka.

Ɗan Bagalam:
Na gode. Na duba, saura wata uku, gobe zan koma shagon da hotunan.