Kek ɗin cikar shekarar kare: waɗanda suka taɓa yi su faɗa mana yadda ta kaya

Mai tambaya, Barnawa, Kaduna

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekarata shida ina yin kek na sayarwa a gida, na biki da na suna, amma yau ni ce mai neman koyo. Muna da karen gadi, Duna, wanda maigidana ya kawo yana ɗan kwikwiyo lokacin da ɓarayi suka addabi layinmu. Asabar mai zuwa zai cika shekara biyar a gidan, autata kuma mai shekara tara ta kafe sai an yi masa kek kamar yadda ake yi mata. Ban ga laifin hakan ba, don karen nan ya yi mana rana fiye da sau ɗaya. Sai dai na taɓa jin cewa kek ɗin mutane yana iya kashe kare, shi ya sa hankalina bai kwanta ba. Wanda ya taɓa yi da hannunsa, ko ya ga abin da ya faru da idonsa, don Allah ya ba mu labari.

Wata uwa daga Bukuru, Jos

Anti sannu da ƙoƙari. Sau uku na yi wa namu, kuma abin da zan fara gaya miki shi ne ki manta da duk ma'aunin da kika saba. Ba sukari, ba bota, ba gishiri, ba kayan ƙamshi ko ɗaya.

Ga yadda nake yi. Dankalin Hausa babba guda ɗaya, in dafa shi ya yi lugub, in ɓare in murƙushe. Ayaba ɗaya wadda ta nuna sosai har bayanta ya fara baƙi. Ƙwai biyu, karas ɗaya gurzajje, markaɗaɗɗiyar gyaɗa cokali biyu, man gyaɗa cokali ɗaya, sai fulawa gwangwanin madara biyu. In ƙullun ya yi tauri in ɗan yayyafa ruwa. Wuta digiri 180, minti 25 zuwa 30, har tsinke ya fito ba danshi. Ba ya tashi kamar naki na kasuwa, zai fito da nauyi kamar alkubus ɗin da bai kumbura ba, kuma karen bai damu ba. Zaƙin dankalin da ayabar ya ishe shi.

Shekarar farko na shafe samansa da kindirmo mai yawa don ya yi fari, muka kuma ajiye masa kek ɗin gaba ɗaya. Kafin mu ƙifta ido ya lamushe. Kwana biyu yana gudawa, yaran suna kuka suna cewa mun kashe shi. Tun daga nan nake rage ɗan dankalin, in dama shi da cokali ɗaya na yogot mara sukari, shi ne kwalliyar. In yanka masa yanki ɗaya, sauran ya shiga firij a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan kwana uku. Ki bari ya huce sarai kafin ki ba shi, don kare ba ya jiran abu ya sha iska. Kyandir kuwa a kunna wa yarinyar ta hura a kan tebur, a cire, sannan a kai masa.

Wani magidanci daga Zariya

Hajiya, ni ban taɓa yi wa kare kek ba, amma kek ne ya kashe mini karya, kuma har yau abin yana cina.

Bikin ƙanwata ne, aka yi irin kek ɗin nan mai zabibi a ciki. Washegari aka bar ragowar a kan tabarma a tsakar gida, karyar ta ja kwalin ta cinye kusan rabi. Da muka gani ba wanda ya tayar da hankali, muka ce ai abinci ne. Da yamma ta fara amai. Wani maƙwabci ya ce a ɗura mata manja, muka ɗura. Kwana na biyu ta daina cin komai, ta kwanta a gindin tanki, fitsari ma ya ragu. Sai a rana ta uku na ɗauke ta zuwa wurin likitan dabbobi. Da aka gwada jini aka ce ƙodarta ta riga ta taɓu. An yi mata ƙarin ruwa kwana uku, ba ta tashi ba.

Likitan ya ce da mun kawo ta a cikin awa biyun farko, da an sa ta ta amayar da shi, a ɗora mata ruwa tun ƙodar ba ta ji ba. Shekararta bakwai tare da mu. Ko ƙwaya ɗaya ta zabibi kada ta shiga, kuma ranar da kike yi wa kwastoma kek mai zabibi ki rufe ƙofar kicin.

Likitar dabbobi, Kaduna

Malam, Allah Ya ba da haƙuri. Irin wannan na gani ba sau ɗaya ba, kuma kusan kullum da manja ko madara ake fara yi musu magani a gida. Ba sa karya guba. Ruwan gishirin da wasu ke ɗurawa don kare ya yi amai kuwa shi kansa yana iya kashe shi. Abin yi kawai a kira likita nan take, a faɗi abin da ya ci, da yawansa, da lokacin da ya ci, da nauyin karen.

Inabi da zabibi ba a san wani adadi da za a ce ba ya cutarwa ba: wani karen ya ci da yawa ya tsira, wani ya ci kaɗan ƙodarsa ta tsaya. An daɗe ba a gano dalili ba. A 2022 likitocin cibiyar kula da gubar dabbobi ta ASPCA a Amurka suka wallafa rahoto suna danganta abin da sinadarin tsamin da ake kira tatarik asid, bayan sun ga irin ciwon ƙodar nan a karnukan da suka ci tsamiya. Wannan ya shafe mu kai tsaye, don ba gidan da ba tsamiya a nan. Ni yanzu ina hana masu karnuka zuba musu ragowar kunun tsamiya.

Cakulan kuma sinadarin tiyoburomin ne matsalarsa. Jikin mutum yana fitar da shi da wuri, na kare kuwa sai ya yi kusan awa 17 kafin rabinsa ya fita, sai ya taru ya sa bugun zuciya da sauri, rawar jiki, har farfaɗiya. Gwargwadon duhun cakulan gwargwadon haɗarinsa, kuma garin cakulan da kuke zubawa a kek ya fi na tsotsa ƙarfi nesa ba kusa ba. Goro ma yana da wannan sinadarin tare da kafeyin. Na taɓa karɓar ɗan kwikwiyon da ya tauna goron kakar gidan, ya kwana yana haki yana zagaye ɗaki, amma ya warke.

Hajiya mai tambaya, tunda sana'arki ce, ki kula da abu biyu da hannunki ya saba da su: gyaɗar ƙamshi, da ƙullun da aka sa wa yis bai gasu ba, wanda ke ci gaba da kumbura a cikin karen. Haɗin da 'yar'uwarmu ta Bukuru ta kawo ban ga abin cirewa a ciki ba, in dai Duna ya saba cin abin fulawa ba ya ƙaiƙayi ko gudawa. Ƙa'idar da muke bi ita ce kayan ƙwalama irin wannan kada su wuce kashi 10 cikin 100 na abincinsa na yini. Kuma tunda kin riƙe ranar, ki haɗa ta da duba katinsa na allurar ciwon haukan kare.

Ɗan mafarauci daga Ningi

Likita kin manta albasa, ko kin bar mini ne? Mahaifina mafarauci ne, mun tashi da karnuka shida a gida, abincinsu tuwon dusa da abin da suka samu a dawa. Wata Babbar Sallah matan gida suka soya nama, aka tara albasar da ta rage a ƙasan kasko, da yawa, aka juye wa babbansu, Baƙi. Aka maimaita washegari. Ba abin da ya nuna sai bayan kwana huɗu: ya kasa bin Baba ko bakin gari, dasashinsa ya yi fari fat, fitsarinsa kamar ruwan shayi. Baba ya ɗauka sammu ne daga abokan farauta. Wani jami'in dabbobi da ya zo rigakafin shanu shi ya duba bakinsa ya tambayi abin da ya ci, ya ce albasa tana fasa ƙwayoyin jinin kare, ɗanya ce ko soyayya, tafarnuwa ma haka. Baƙi ya rayu, amma ya yi wata guda bai shiga dawa ba.

Don haka masu tunanin yi masa kek na nama, kada ku ɗauko daga tukunyar miya, kada ku sa kilishi ko tsire. Ni abin da nake yi wa nawa in ya yi abin kirki, hanta nake samu 'yar kaɗan, in markaɗa da ƙwai ɗaya da garin masara, in zuba a gwangwani in turara kamar alala. Ba magi, ba yaji. Tun yana kan wuta yake zuwa ya zauna a bakin murhu.

Likitar dabbobi, Kaduna

Na gode Yaya, ka faɗe ta fiye da yadda zan faɗa. Alalar hantar ma ta yi, a dai bar ta ta zama ta lokaci-lokaci, don yawan hanta kullum yana tara bitamin A fiye da kima.

Wani malami daga Kano

Ina da kare a gonata ta hanyar Bichi, don haka ba daga nesa nake magana ba. Ajiye kare don tsaro ko farauta ko kiwo malamanmu sun yi bayaninsa, kuma kyautata masa lada ne. Kowa ya san hadisin mutumin da ya shayar da kare mai ƙishirwa Allah Ya gafarta masa. Bikin ranar haihuwa kuwa ni ba na yi ko ga 'ya'yana, ba kuma zan ɓoye ba cewa zuciyata ba ta son a kashe kuɗi mai yawa a kan wannan alhali maƙwabci bai ɗora tukunya ba. Amma dankali ɗaya da ƙwai biyu ba almubazzaranci ba ne. Abin da nake roƙonki, Hajiya, tunda abincin mutane kike sayarwa: a gasa a gwangwanin da za a bar masa, a ba shi a kwanonsa, can wurin kwanansa. Nawa kwanonsa da bokitinsa daban suke, ba sa shiga cikin kayan gida. In ya sa baki a ƙwaryar gida, a wanke sau bakwai kamar yadda aka koya mana.

Wata 'yar'uwa daga Manchester, Ingila

Ina aikin kula da tsofaffi a gidajensu. Wata tsohuwa da nake zuwa wurinta ta roƙe ni in taya ta yi wa karenta kek na cika shekara goma, don hannunta yana rawa. A nan abu ne da aka saba, har shagunan kayan dabbobi suna sayar da shi a shirye. Na ɗauko kwalbar markaɗaɗɗiyar gyaɗa daga kabad, ta riƙe hannuna ta ce in karanta mata abin da aka rubuta a baya tukuna. Ashe akwai wani abin zaƙi da ake sa wa kayan da aka ce ba sukari, a jikin kwalba ana rubuta shi xylitol, ko E967. Mutum ya ci ba komai, kare kuwa yana sa sukarin jininsa ya faɗi warwas cikin abin da bai kai awa ɗaya ba, yana kuma iya lalata hanta. Tamu kwalbar gyaɗa ce zalla, muka yi amfani da ita. An fi samunsa a cingam da alawar masu ciwon sukari da man goge baki, waɗanda duk ana sayar da su a manyan kantunan gida, don haka a kula da jakar hannu.

Don ya yi kalar cakulan ta sa garin karob, wanda ake samu daga 'ya'yan wata bishiya ta yankin Bahar Rum. Ba shi da sinadarin tiyoburomin da Likita ta ambata. In ba ki samu ba ki bar shi da kalarsa.

Wata mai abinci daga Maraɗi

Mu nan gato muke ce wa kek. Ba ni da obin, a tukunya nake gasawa: yashi mai tsabta a ƙasa, ya yi zafi a kan gawayi, in jera gwangwanaye a kai, in rufe, in ɗora 'yan garwashi a kan murfin. Na yi wa karen da ke kwana a rumfata da garin gero rabi fulawa rabi, da kabewa dafaffiya maimakon dankali. Ya karɓa.

Maganata a kan gyaɗa ce. Kada ki ce ai na kare ne ki ɗauko ta ƙasan buhu, mai hunhuna ko mai ɗaci. Irin wannan gyaɗar tana ɗauke da gubar aflatoksin mai cin hanta, suya ba ta kashe ta, karnuka kuma ba sa jure ta. Ki tsince mai kyau wadda za ki iya ba 'yarki, ki soya, ki markaɗa da kanki. Kuli-kulin kasuwa ki bar shi, akwai gishiri da yaji.

Mai tambaya, Barnawa, Kaduna

Na dawo da godiya, Allah Ya saka wa kowa da alheri. Malam na Zariya, labarinka ya sa na kwashe zabibi da garin cakulan daga kabad na ƙasa na mayar da su sama tun daren da na karanta.

Mun yi jiya. Na bi haɗin 'yar'uwata ta Bukuru, gyaɗar ni na tsince na markaɗa, na gasa a gwangwanin madara huɗu da na ware masa kamar yadda Malam na Kano ya ce. Autar ce ta murƙushe dankalin, ita ta yanka karas ta jera harafin D a saman guda ɗaya. Ta hura kyandir a falo, sannan muka kai masa bayan gida muka juye a kwanonsa. Ya shinshina, ya ɗaga kai ya dube ta, ya fara lashe kwalliyar kafin ya ci sauran. Na duba shi da dare, na sake dubawa da asuba: cikinsa lafiya, ya ci abincinsa na safe kamar kullum.

Ukun da suka rage, ɗaya yana firij, biyu na sa a firiza. Da na ciro katinsa kuma sai na ga allurarsa ta wuce lokaci da wata biyu, don haka gobe Litinin maigida zai kai shi.