Binne ko in jira ruwa ya zauna?

Manomin Sandamu:
Assalamu alaikum jama'a, shawara nake nema. Bara na yi binne, wato shuka kafin ruwa ya sauka, a gonata ta jigawa, tiya huɗu ta gero zango, irin da Baba ya bar mana. Aka yi yayyafi ɗaya ƙarshen Mayu, ya tsiro gwanin sha'awa, sai sama ta ɗauke kusan sati uku. Abin da rana ta bari, iska ta kwaso rairayi ta rufe. Sau biyu na sake shuka, na ƙarshen ma da irin aro. Bana in sake binne ko in haƙura?

Dattijon Mai'adua:
Wa'alaikumus salam ɗana. Zamaninmu binne na da riba, don in ruwan fari ya sauka na biyu na bin sawunsa. Yanzu fa ba haka ba. In an yi ruwa, ka tona da hauya. In laima ba ta kai kamu ɗaya ba, mayar da irinka rumbu. Sannan gawo nawa ne a gonar? Leƙa ƙetare wajen Matamai ta Nijar ka gani, sun daina tumɓuke kututture. Sai su bar tsiro biyu ko uku masu ƙarfi su sare sauran, sassaben zamani suke ce masa. Yana tare iska. Gawo kuwa da damina yake zubar da ganye, ba ya yi wa gero inuwa.

Ɗan Dutsi:
Yaya, zango doguwar damina yake so. Gwada irin geron nan sosat, wata uku ka girbe ko da ka yi latti. Sai dai kansa gajere ne, kuma in kai kaɗai ka shuka a yankin, tsuntsu zai yi biki kanka. Ka riƙa bin hasashen NiMet, hukumar yanayi ta Najeriya, a rediyo.

Uwargida daga Daura:
Malam, kada ka yar da zango. Da karansa muke darni. Raba gonar biyu, ka sa wake a tsakani. Mu bara harawa ce ta riƙe awaki har sallah, awakin suka sayo hatsi.

Manomin Sandamu:
Na gode ƙwarai. Baba, gawo biyu suka rage, sauran ni na sare na sayar, kunya ma nake ji. Ƙanena, sosat ɗin na kasuwar Mai'adua ana iya yarda da shi, ko sai na je ofishin KTARDA, hukumar raya aikin gona ta jihar Katsina?