Yamai zuwa Jidda awa nawa ne a jirgi? Zan kai inna Umra

Ɗan Bagalam:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Insha Allahu zan tahi da innata Umra daga nan Maradi, ita ko ba ta taɓa shiga jirgi ba kuma guiwoyinta na damunta, zama mai tsawo na wahal da ita. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya gaya min, daga Yamai zuwa Jidda awa nawa ake yi a sama? Wani ya ce min 5 wani ya ce 8, kaina ya ɗaure.

Malamin Tibiri:
Wa alaikumus salam. Daga filin Diori Hamani zuwa Jidda wajen kilomita 4000 ne in an miƙe, jirgi kuma na cin kamar 850 a awa, ka ga ke nan kusan awa 5, in an haɗa da tashi da sauka awa 5 da ɗan wani abu. Wanda ya ce ma 8 ina jin agogo ya ruɗe shi, Saudiyya na gabanmu da awa 2, in kun tashi 10 na dare sai ka ga tikiti ya rubuta sauka 5 da rabi na asuba, alhali ba ku yi haka cikin jirgi ba. Sai dai hanyar ta saman Chadi da Sudan take, kuma tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a 2023 jirage na kewayewa, to ka ƙara wani abu bisa lissahin nan.

Hajiyar Zariya:
Ɗana wannan duk lissahin jirgin da ba ya tsayawa ne, irin na alhazai. Na Umra galibi sai an canza jirgi, mu ta Addis Ababa muka bi, jiran da muka yi can ya hi zaman jirgin gajiyarwa wallahi, ga sanyi ga ba wurin miƙe ƙafa. Tun wurin sayen tikiti ka ce a rubuta mata keken guragu, su za su tura ta har bakin jirgi, kuma ka roƙa mata kujerar gefen hanya don ta riƙa tashi tana ɗan takawa. Maganinta ya zauna cikin jakar hannu. Kuma kar ka manta Maradi zuwa Yamai ma ya hi kilomita 600 a kar, yini guda ne cur, ku isa da kwana biyu ta huta tukun.

Malamin Tibiri:
Gaskiyar Hajiya. Na manta, in Makka za ku fara daga Jidda, ka sa haraminka tun wurin canjin jirgi, don a sama ake wuce mikati, niyya kawai za ku yi in an zo.

Ɗan Bagalam:
Allah ya saka da alheri. Hajiya awa nawa kuka jira a Addis ɗin? In ya yi yawa gara in ƙara kuɗi in nemi wata hanya.